Zuwa ga ƙanwata mai son fara sana'ar kauɗar tumatir

Assalamu alaikum ƙanwata,

A shirin rediyon da aka gayyace ni kan sana'o'in mata, kin bugo waya kika ce kina son fara busar da tumatir ki riƙa sayarwa, an kuma ce sai kin kawo takardar tsarin kasuwanci kafin a duba maganar jari, amma kin maƙale tun a shafin farko inda ake son ki bayyana sana'ar. Kika tambaye ni me ake rubutawa a wurin. Lokaci ya ƙure mana a ranar, ga amsar a rubuce, don na san ba ke kaɗai ce ke da wannan damuwa ba.

Yawancin takardun da ake kawo mini in duba, wannan shafi cike yake da yabon Kano: cibiyar kasuwanci ce, ga ɗimbin jama'a, kowane gida ana miya. Duk gaskiya ne, amma ma'aikacin Bankin Masana'antu ko na SMEDAN, hukumar bunƙasa ƙanana da matsakaitan sana'o'i, da zai karanta ya riga ya san wannan. Abin da yake nema shi ne wa zai kwance bakin zaninsa ko ya sa hannu a aljihu ya ba ki kuɗi, kuma me zai sa ya zo wurinki ya bar masu kauɗa na Kasuwar Rimi.

To, fara da matsalar da kowa ke gani. Da rani, in tumatirin Kadawa da Kura da Garun Malam ya nuna, kwanduna kan cika kasuwar tumatir ta Kwanar Gafan har wani ya ruɓe a hannun manomi. Da damina kuwa sai ya yi tsadar da mai abincin sayarwa ke tsayawa a kasuwar 'Yankaba tana juya kuɗin hannunta, ta rasa yadda za ta yi miyar yau ta fitar da riba. Kauɗa ta daɗe tana cike wannan giɓi, sai dai akasarinta a ƙasa ake shanya ta. Duk macen da ta taɓa jiƙa ta ta san yashin da ke kwanciya a gindin roba, da yadda miya ke yin duhu. Nan ne sana'arki take, ƙanwata, kuma abin da ya kamata mai karatu ya fara gani ke nan.

Da ni ce, ga yadda zan rubuta: "Zan sayi tumatir a Kwanar Gafan lokacin da ya yi araha, in yanka in shanya a kan raga nesa da ƙasa, a rufe daga ƙura da ƙudaje. Zan ɗura a leda ƙanana da manya, in sayar wa masu abincin sayarwa da masu girkin biki a Fagge da Gwale daga farkon damina, lokacin da ɗanye ya fi ƙarfinsu." Kin ga an faɗi kayan, an faɗi mai saye, an faɗi wuri da lokaci, an kuma nuna abin da ya bambanta ki da sauran.

Sai maganar da mutane ke gudu, wato yadda kuɗin zai dawo. A wannan sana'a jarinki zai kwanta watanni a buhu kafin ki ga kwabo. Ki faɗi haka da bakinki, kada ki bari mai karatu ya gano da kansa, don in ya gano zai ɗauka ba ki san sana'ar ba. Ki sayi kwando ɗaya ki gwada, ki auna mudu nawa ya ba ki bayan ya bushe, ki sa wannan adadi a takardar. Ki haɗa da kuɗin mota, wanda tun da aka cire tallafin mai a 2023 ya zama babban kaso a lissafin duk mai ɗauko kaya daga ƙauye.

Don Allah kada ki rubuta cewa ba ki da abokin gasa. Tumatirin gwangwani da na leda suna kowane kanti, kuma su ne matan nan ke komawa gare su da damina. Ki ambace su, ki faɗi dalilin da mai tuwo za ta zaɓi naki. Haka kuma kayan abincin da aka ɗura a leda suna buƙatar rajistar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, manyan kantuna ba sa karɓa sai da lambarta, don haka ki faɗi inda kika kwana a kai, da kuma rajistar sunan sana'a a CAC, hukumar rajistar kamfanoni.

Ki fara rubutawa da Hausa ko da an ce da Turanci ake so, ki karanta wa mahaifiyarki ko wata mai sana'a a unguwarku. Duk inda ta ce "ban gane ba", ki gyara kafin a fassara. Sannan ki ɗauki ɗan abin da kika busar ki kai wa masu abinci biyu ko uku su yi miya da shi, ki tambaye su nawa za su iya saye da kuma sau nawa a mako, ki rubuta amsarsu a ƙarshen shafin yadda suka faɗa.

Allah Ya sa albarka a nemanki.

Yayarki,
daga birnin Kano