Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Ministan Harkokin Wajen Najeriya

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto ne a kan takarar da ke ƙara zafi tsakanin Amurka da Sin, wadda Rasha da Indiya ma suke neman gurbi a cikinta, domin na lura yawancin masu sharhi a ƙasar nan sun mayar da hankali ga tambayar wa zai yi nasara, alhali abin da ya fi shafar mu shi ne halin da masu jingina suke shiga ranar da bangon da suka jingina da shi ya zube.

Manyan ƙasashe ba sa sanarwa kafin ƙarfinsu ya ja baya. A 1956 Ingila da Faransa suka afka wa Masar saboda mashigin Suwez, suna ganin har yanzu duniya a tafin hannunsu take, sai Amurka ta matsa wa Ingila ta fuskar kuɗi, cikin 'yan kwanaki aka tsagaita wuta, suka janye da kunya. Shekara huɗu bayan haka aka sauke tutar Ingila a Legas. Tarayyar Sobiyet kuwa, wadda ake tsoron makamanta har ranar ƙarshe, ta watse a Disambar 1991, kuma mu ma mun ɗanɗana kuɗarmu. A 1979 aka ba wani kamfanin Sobiyet kwangilar gina masana'antar ƙarafa ta Ajaokuta, aikin ya yi nisa ƙwarai, amma har yau ba ta zama abin da aka gina ta dominsa ba. Gaskiya ne sakacinmu da rashin biyan kuɗi suna da kaso babba a wannan asara, sai dai ɗora aiki mai girma haka a kan fasahar ƙasa guda ya sa da ƙasar ta rushe gyaran ya ƙara wuya.

Yau Sin ce a kan gaba wajen ba mu bashi tsakanin ƙasa da ƙasa, da rancenta aka shimfiɗa layin dogon Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016, kuma kamfanoninta sun shiga harkar ma'adinin litiyam a Nasarawa, wanda shi ne ƙashin bayan baturan da manyan ƙasashen ke gasa a kansu. Tashin Sin abin mamaki ne, domin ta shiga Ƙungiyar Ciniki ta Duniya a 2001, ta wuce Japan ta zama ta biyu a tattalin arziki a 2010. Amma tun 2022 yawan al'ummarta ya fara raguwa, ita kuma Amurka bashi da rabuwar kai sun yi mata katutu. Babu wadda za a ba wa amana ido rufe.

Maƙwabciyarmu Nijar ta sallami sojojin Faransa a ƙarshen 2023, ta sallami na Amurka daga Agadas a 2024, ta karɓi masu horarwa daga Rasha. Hakkinta ne, sai dai sauya uban gida daban, fita daga bauta daban. Mu ma muna da tarihin tsayawa da ƙafarmu: a 1962 aka soke yarjejeniyar tsaro da Ingila bayan zanga-zangar ɗalibai, a Janairun 1976 kuma Janar Murtala ya tsaya a Adis Ababa ya yi watsi da matsin Shugaban Amurka Ford kan Angola. Zomo ba bawan giwa ba ne, dawa suka tara.

Saboda haka, ranka ya daɗe, tunda Najeriya ta zama abokiyar hulɗar ƙungiyar BRICS, wato haɗakar ƙasashe irin su Brazil, Rasha, Indiya, Sin da Afirka ta Kudu, a Janairun 2025, ina roƙon ma'aikatarka ta yi wa jama'a bayani dalla-dalla, har da harsunan gida, a kan abin da muka ɗauka wa kanmu da abin da za mu samu. Ina kuma roƙon kada a sa hannu a wata yarjejeniyar tsaro, ko ta bashi, ko ta ma'adinai da kowace babbar ƙasa, sai an gabatar da sharuɗɗanta a gaban Majalisar Tarayya, an kuma rubuta a ciki cewa injiniyoyinmu za su karɓi fasahar tun aikin yana tafiya.

Wassalam.