Godiya ga shagon da ya gyara mini injin yanke ciyawa

Assalamu alaikum. Na rubuto ne in gode wa ma'aikatan shagon gyaran ƙananan injina da suka raba ni da wahalar da na yi wata biyu ina sha.

Injina na turawa ne, shekararsa 6 a hannuna. Tayoyin gaba sun cinye, ramin tsakiyarsu ya buɗe har suna rawa a kan ƙusar da ke riƙe da su. Da na tura sai ya karkace hagu, wuƙar ta kankare ƙasa a gefe guda, ta bar ciyawa tsaye a ɗaya gefen. Aikin rabin awa ya koma na awa biyu, kafaɗa kuma ta yi tsami. Wurare biyu na je kafin nan. Na farko ko sunkuyawa bai yi ba, ya ce in jefar in sayi sabo. Na biyu ya miƙo mini taya mai inci 7, alhali tawa mai inci 8 ce, wai ai duk ɗaya ne. Raina ya ɓaci ƙwarai.

A shagonku wani matashi ne ya tarbe ni. Kafin ya taɓa komai sai da ya zare wayar fulogi, sannan ya kwantar da injin ta yadda matatar iska ke sama, don kada baƙin mai ya malala cikinta. Ya auna tayar, ya auna ramin, rabin inci. Da ya kwance noti sai ya ɗago ƙusar ya nuna mini inda ta zaizaye, har farce na shiga. Ya ce, "Baba, in muka ɗora sabuwar taya a kan wannan, ba za ta daɗe ba." Ya canja ƙusoshin da tayoyin gaba duka biyun don tsayinsu ya zo daidai. Na ce ya haɗa da na baya, ya ce lafiyarsu lau, kada in ɓata kuɗina. Wallahi wannan maganar ta fi gyaran faranta mini rai.

Allah ya yi masa albarka, ya ƙara muku kasuwa. Abin da ke damuna shi ne yadda masu gyara da yawa yanzu ba sa son ƙaramin aiki. In ba babban kuɗi suka hango ba, ko kallon kirki ba za ka samu ba, sai a tura ka sayen sabon inji saboda taya biyu.