Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Ministan Sufuri na Kamaru: a dawo da awon hayaƙi a wurin bizit

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Ni bakanike ne a Garwa, na fi shekara 20 ina kwanciya a ƙarƙashin motocin mutane. Labarin tsadar mai ka fi ni saninsa. Litar fetur da muke saye sefa 630 ta koma 730 a Fabrairun 2023, bayan shekara guda ta koma 840, gazuwal, wato dizal, kuma ya tashi daga 575 ya tsaya a 828. Zuwa-zuwar da muke fakewa da ita, wato man da ake fasa-ƙwaurinsa daga Najeriya, ta daina rufa mana asiri tun da Najeriya ta cire tallafi a watan Mayun 2023. Da aka yi ƙarin 2024, gwamnati ta ce za ta sassauta wa masu sufurin hanya wasu haraji. A 2021 kuma ƙasar nan ta yi wa duniya alkawarin rage hayaƙi mai ɗumama yanayi da kashi 35 cikin 100 nan da 2030. Akwai wuri guda da za ka fara cika alkawuran nan biyu a tare, kuma yana ƙarƙashinka: wurin bizit, inda ake duba lafiyar mota kafin a ba ta takardar hawa hanya.

Watan jiya na raka wani ɗan ɗakina, direban Hiace mai jigila tsakanin Garwa da Marwa, wata cibiyar bizit da ba zan kama sunanta ba. Yana taka totur hayaƙi ya turnuƙe rumfar, har ma'aikacin ya toshe hanci da hannun riga. Aka duba fitila, aka gwada birki, aka danna oda, aka karɓi kuɗi, aka liƙa takarda a gilashi. Na'urar da ake zura wa salansa tana can kusurwa, ƙura ta lulluɓe ta. Na tambaya, aka ce ta lalace. Yaron ya fito yana murna ya ci jarrabawa, ni kuwa raina a ɓace, don na san baƙin hayaƙin nan man da ya saya ne da guminsa yake fita ta baya bai ƙone ba.

Daga can garaji na wuce da shi. Da na zaro matatar iska na buga ta da ƙasa, ƙurar hunturu ta zubo ta yi tsibi kamar an juye kwanon gari. Nozul biyu suna ɗiga maimakon feshi. Tayoyin baya kuwa, rabonsu da ganin geji tun ranar da aka ɗaura su, mai faci buga su kawai yake da ƙarfe ya ce sun yi. Aikin wuni ɗaya ne. Bayan mako biyu ya zo mini da goro, ya ce zuwa da dawowa yanzu lita 4 ke rarar masa. Ranka ya daɗe, a yi lissafi: sawu 25 a wata, lita 100 ke nan, sefa 82,800 a aljihun yaron da ke ciyar da uwa da ƙanne. Kowace litar gazuwal in ta ƙone tana sakin iskar kabon fiye da kilo 2 da rabi, ta fetur wajen kilo 2.3. Mota ɗaya tal, sama da kilo 250 a wata. Nawa ne irinta tsakanin Ngaundare da Kusiri?

Abin da ke ci mini rai shi ne, da an zura masa na'urar nan aka ce ya je ya gyara ya dawo, da tun bara ya daina wannan asara. Direba yana biyan kuɗin bizit daga abin da zai kai gida. Haƙƙinsa ne a gaya masa ciwon motarsa. Ban ce a ƙara kuɗi ba, ban ce a kama kowa ba. In aka mayar da awon hayaƙi wata sabuwar ƙofar tatsar direbobi a bakin hanya, gara ma a bar shi. Ina roƙon ka don Allah, ka tura masu bincike su ga cibiya nawa ce a jihohin arewa uku na'urarta ke aiki, a ba marasa ita wa'adi, kuma sakamakon awon ya fito a takardar da ake miƙa wa direba, a karanta masa cikin harshen da yake ji, Fulatanci ne, Hausa ce ko Larabcin Shuwa.

Gyara rabin magana ne, sauran rabin yana ƙafar direba, kuma ku ne ke ba da permi, wato lasin tuƙi. Ka shiga kowace tasha da safe, za ka tarar da motoci a kunne minti 30 ko fiye, ana ta gurnani da totur don fasinja ya zaci yanzu za a tashi. Wani ya ce yana ɗumama inji, a Garwar da zafi ke haura digiri 40 a watan Afrilu! Injin yanzu minti ɗaya ya ishe shi, tafiya a hankali ita ke ƙarasa ɗumama shi. Wanda ke figar mota daga tsaye, ya zo ya kafa birki a gindin ta gabansa, ya sayi gudu da mai ya zubar da shi a birki. In mota ta wuce kilomita 80 zuwa 90 a awa, iska ke tokare ta, shan mai yana ta hawa, balle an ɗora lodi a rufi kamar rumbu. Ban taɓa jin yaron da ya fito daga makarantar tuƙi an koya masa ko ɗaya daga cikin waɗannan ba.

Akwai wadda ta fi tayar mini da hankali. Direbobi da yawa sun yarda cewa in an zo gangara a sa mota a firi ana tsimin mai. A gangaren dutsen Ngaundare ma ana yi. Motar da ke da injekta, in tana cikin giya ka ɗaga ƙafa daga totur, da kanta take datse mai. A firi kuwa inji na ci gaba da sha, nauyin mota duka ya koma kan birki, ya yi zafi ya saki. Na sha karɓar motocin da aka jawo daga can, na ga kujerunsu. Jimla biyu a cikin jarrabawar permi, da ɗan shiri a rediyo da harsunanmu, za su hana wasu mata zama zawarawa.

Sauran koke-koken zan taɓa su sama-sama. Motocin da ake shigowa da su, sau da yawa kafin su iso hannun mai su an farke salansa an cire matatar nan mai kama da saƙar zuma, wadda 'yan Najeriya ke kira indomi, saboda ƙarafa masu tsada da ke cikinta. Hayaƙin da ya kamata ta tace, 'yan acaba da mata masu suyar ƙosai a bakin titi ke shaƙa. Ga gurɓataccen mai na kwalba da ke kashe mana fulogi da famfo. Ramukan hanyar Mora zuwa Kusiri na san ba hurumin ofishinka ba ne, sai dai ka isar mana, don motar da ta wuni a giya biyu babu dabarar tuƙin da za ta cece ta.

Ɗan ɗakin nawa zai koma bizit in takardarsa ta ƙare, kuma zan sake raka shi. Ina fata ranar in tarar an kakkaɓe na'urar nan an jona ta da wuta.

Allah ya taimake ka a kan wannan aiki.

Naka,
Wani bakanike a unguwar Yelwa, Garwa