Masu haɗa keke, ku daina rowar giris a gidan feda

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ni mai gyaran keke ne a Aboabo, nan Kumasi. Ka ba ni fili in yi magana da 'yan'uwana masu haɗa sababbin kekuna daga kwali, da masu sayar da na gwanjo da ake saukewa a tashar jirgin ruwa ta Tema. Maganar gidan feda ce, wato ramin nan na ƙasan firam inda sandar feda ke juyawa a kan boris.

Da ruwa ya sauka sai rumfata ta cika da kekunan da ba su shekara a hannun masu su ba, feda na ƙara ƙas-ƙas ko tana girgiɗi. In na buɗe, jan ruwan tsatsa nake tararwa, boris sun cinye, babu ko ɗigon giris. Gidan feda shi ne ƙarshen gangare a jikin firam, kuma bututun sirdi a kansa ya sauka. Duk ruwan da ya saɗaɗa ta ƙarƙashin sirdi can zai je ya kwanta. Ga shi a Kumasi damina biyu muke yi a shekara, ga mutanenmu ba sa sauka daga keke ko da rafin Aboabo ya yi ambaliya.

Aikin ba wuya gare shi ba. A goge tiredin ramin, wato layukan murɗi na cikinsa irin na noti, da tsohon buroshi da kananzir, domin fenti da ɓarɓashin ƙarfe kan maƙale a ciki tun daga masana'anta. Sannan a shafe shi da giris kafin a sa kofi, wato mazaunin boris da ake murɗawa a kowane gefen ramin. In firam ɗin na alminiyon ne, kofin kuma na ƙarfe, nan ma ya fi wajaba, don da danshi ya shiga tsakaninsu sai su kama juna kamar an yi musu walda.

Inda yara masu koyon aiki suka fi ɓarna shi ne kofin dama, na gefen sarƙa. A yawancin kekunan da muke gani, masu tsarin Ingila, faɗin gidan milimita 68 ne, ko 73 a wasu na hawan dutse, kuma kofin dama hagu ake murɗa shi ya ɗauru. An yi haka ne don kada taka feda ta riƙa kwance shi. Na Italiya mai milimita 70 ne kawai nake gani da duka biyun dama, shi kuwa jefi-jefi yake faɗowa cikin gwanjo. Yaron da ba a gaya masa ba sai ya sa sifana ya danna da ƙarfin tuwo, tiredi ya mutu, firam ya zama na 'yan gwangwan. Laifin maigidansa ne. A fara da yatsu. In kofi bai shiga salin-alin ba, a fito da shi a sake.

Gidan feda irin na da mai boris warwatse, guda 11 ne kowane gefe, masu kwatan inci. A dasa su cikin giris mai kauri, a sa 'yar robar nan da ke lulluɓe sandar daga ciki. Wasu jefar da ita suke yi wai ba ta da amfani, alhali ita ke tare ruwan da ke ɗigowa daga sama. In kuma za a buga kusar feda da guduma, a tokare hannun fedar da katako zuwa ƙasa, in ba haka ba boris ne za su sha dukan. Gidan feda na zamani da ke zuwa a rufe, irin na kamfanin Shimano, shi ma tiredinsa na son giris. Ƙaramin ramin da wasu firam ke da shi a ƙasa na tsiyayar ruwa ne, kada a toshe shi.

Kai kuma mai saye, kafin ka miƙa sidinka ka sauke sarƙa, ka juya feda da hannu, ka girgiza ta gefe da gefe. In ka ji gurzo ko motsi, ka ce a buɗe a gabanka. Kuma ka raba kekenka da tiyon masu wankin mota, ƙarfin ruwansa na kora giris waje.

Wassalam.

Naka,
Mai gyaran keke,
Aboabo, Kumasi.