Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Kamfanin Jirgin da Ya Jingina wa Matuƙansa Laifi

Zuwa ga shugabannin kamfani,

Bayan gaisuwa, ni ɗaya ne daga cikin fasinjojin da kuka soke wa tafiya muna zaune a bakin ƙofar shiga jirgi. Dalilin haka jirgi na biyu da zai kai ni Abuja ya tashi ya bar ni, aka ɗaura auren ƙanwata ina kallo ta waya. Wannan na haƙura, Allah bai nufa ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne saƙon da kuka turo, mai cewa wai rikicin ƙungiyar matuƙa ne ya jawo.

Wane rikici? Na ga matuƙanku da idona a filin jirgi, sanye da kayan aiki, riƙe da kwalayen zanga-zanga, a ranar hutunsu. Ba yajin aiki suke ba. A nan Amurka ma ba sa tashi kawai su ajiye aiki. Dokar ma'aikatan jirgin ƙasa ta 1926, wadda aka shigar da jiragen sama cikinta a 1936, ta ɗaure su tamau: sai hukumar sasanci ta tarayya ta sallami ɓangarorin biyu, sannan a jira kwana 30, kuma shugaban ƙasa na iya sa baki. A 1997 Bill Clinton ya tsayar da yajin matuƙan American Airlines mintuna kaɗan da farawa. Kun fi ni sanin wannan.

Gaskiyar ita ce kun shimfiɗa jadawalin da ya fi ƙarfin ma'aikatanku, kuna dogaro da mutum ya sadaukar da hutunsa ya cike giɓi. Wanda ya shekara biyu yana jiran sabuwar yarjejeniya, da wane ƙarfin gwiwa zai yi muku wannan alfarmar?

Kuma ai hanya a bayyane take. Wakilai su cim ma daftari, a kai wa 'yan ƙungiya su kaɗa ƙuri'a. Matuƙan kamfanin jirgin United sun yi fatali da nasu daftarin a Nuwamba 2022, aka koma teburi, suka amince da wani a Satumba 2023. Na kamfanin Delta sun karɓi ƙarin albashi na kashi 34 cikin ɗari a shekara huɗu tun Maris 2023. Ba a rufe ko ɗaya cikin kamfanonin biyu ba. Ku me kuke jira? (Ban ce matuƙa waliyyai ba ne, albashinsu ya ninka nawa sau da yawa, amma su ne ke riƙe da ranmu a sama, bayan Allah.)

Sai batun kuɗina. Kun ba ni takardar tafiya ta gaba, ban nema ba. Dokar ma'aikatar sufuri ta 2024 ta ce wanda aka soke wa jirgi bai karɓi madadi ba, a mayar masa da kuɗinsa cikin kwanakin aiki 7 in da katin bashi ya biya. Yau mako uku ke nan. Ku mayar mini ta katin da na biya, ku kuma janye wancan saƙo.

Naku,
Wani fasinja, Bronx, New York