Sanarwa ga masuntan tafkin Rosairis

Assalamu alaikum iyayenmu, yayyenmu da ƙannenmu na wannan zaure. Ina gajiya, ya ruwa?

Damina ta kankama, don haka Sarkin Ruwa ya kira taro ranar Juma'a bayan sallar La'asar, a bakin ruwa inda muke ɗaure jirage. Maganar rigunan ceto ce. Kowane mai jirgi ya zo da fam dubu 10, za a haɗa a sayo a kasuwar Damazin. Wanda ba zai samu zuwa ba ya aiko yaronsa.

Kafin nan, don Allah kada kowa ya tura jirgi sai ya faɗa wa wani inda ya nufa da lokacin dawowa. A duba mai, a ɗauki filafili ko da injin sabo ne, da tocila, da gwangwanin kwarfe ruwa. Waya a ƙulle ta cikin leda.

Samari, da ku nake. Tun da aka ƙara wa madatsar tsayin mita 10 a 2013, ruwa ya shanye itatuwa masu yawa, kututturansu na nan ƙasa ba a gani. Gudu a wuraren nan yana karya farfela, yana fasa katako. In hadari ya haɗu da rana, a bar kalli, wato ragar kamun kifi, a nemi gaɓa. Giwan ruwa ba za ta ƙare ba. Jirgi in ya kife kuwa, a riƙe shi gam, kada a ce za a yi iyo zuwa tudu. Gaɓa tana kusa a ido ne kawai.

Allah ya tsare mu, ya ba da sa'a. A gaida iyali.

Ɗan'uwanku, magatakardan ƙungiya