Hajiya ta karɓe katin rigakafin 'yata, yaya zan yi?

Assalamu alaikum Malama,

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ki da sauran ma'aikatan wannan shiri, ni magidanci ne da ke zaune a Tudun Wada, Kaduna, tare da iyalina da mahaifiyata. Na rubuto ne a kan rigakafin 'yarmu ta fari, wanda ya zama abin da ke hana ni barci.

Da aka haife ta an yi mata allurar tarin fuka da ta ciwon hanta, aka kuma ɗiga mata maganin shan inna, Hajiya ba ta ce uffan ba. Da ta cika sati 6 uwarta ta mayar da ita asibitin unguwa, aka yi mata allurar nan ta cinya mai kare yaro daga cututtuka biyar. A daren jikinta ya yi zafi, cinyar ta kumbura ta yi tauri, ta ƙi kama nono, ta kwana tana tsala kuka goye a bayan kakarta. Ma'aikaciyar jinya ta riga ta faɗa mana hakan na iya faruwa, kuma zazzaɓin bai daɗe ba ya sauka, amma kafin nan Hajiya ta karɓe katin, ta naɗe shi a leda ta tura ƙasan akwatin zannuwanta, ta ce in na sake bari aka soka wa jikarta allura ba ta yafe mini ba.

Malama, Hajiya ba mai magana ba ce haka kawai. Tana tuna gwajin maganin da wani kamfanin Amurka ya yi a kan yara a Kano a 1996, lokacin annobar sanƙarau, inda yara 11 suka rasu. Tana kuma tuna 2003, lokacin da aka dakatar da rigakafin shan inna a wasu jihohin Arewa bisa zargin yana hana haihuwa. Na bayyana mata cewa na farkon gwajin magani ne, ba rigakafi ba, na biyun kuma an bincika, Kano ma ta koma bayar da shi a 2004, kuma 'yan matan da aka ɗiga wa a lokacin ga su nan a unguwarmu da goyo. Sai ta jefo mini tambayar da kowa ya sani: me ya sa ake bin mu gida-gida da ɗigo kyauta, amma maganin zazzaɓin cizon sauro sai mun kai kuɗi kemis? Gaskiya tambayar tana da nauyi, sai dai ban ga dalilin da zai sa rashin wani haƙƙi ya sa mu yar da wanda ya zo hannu ba.

Ni dai na gamsu da amfanin abin. Muna yara babu layin da ba za ka ga yaron da shan inna ta shanye wa ƙafa ba, yau kuwa sai ka daɗe ba ka ga sabon kamu ba, har a watan Agustan 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa asalin ƙwayar cutar ta kau daga Afirka. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne mashaƙo, wanda ya ɓarke a Kano da wasu jihohi a 2023, ya kai har Kafanchan a nan jiharmu, kuma allurar da Hajiya ta hana ita ce mai kariya daga gare shi, amma sai an yi ta sau uku, a sati 6 da 10 da 14. 'Yata ɗaya kawai ta samu, ga ta ƙyanda da ta shawara suna jiran ta a wata 9. Akwai kuma abin da bakina ba zai iya furtawa a gaban Hajiya ba: ƙanina da ke bi na ƙyanda ce ta yi ajalinsa yana ƙarami, kuma har yau ba ta son a ambaci zancen.

Matata ta ce mu faki ido mu kai yarinyar a ɓoye. Na ƙi, domin in zazzaɓi ya sake zuwa asiri zai tonu, laifin kuma a kan suruka zai faɗa, alhali zamansu lafiya lau yake.

Don haka nake roƙon ki taimaka mini. Shin in na kai 'yata bayan wannan furuci na saɓa wa mahaifiya, ko kuwa haƙƙin yarinyar da Allah ya ɗora mini shi ne gaba? Wa ya kamata in nemo ya yi mata magana, limamin masallacinmu ko yayanta da take jin nauyinsa, ba tare da ta ga kamar na kai ƙararta ba? Sannan ina so ki tambayar mini likita: tunda lokacin allura ta biyu da ta uku ya wuce, daga farko za a sake, ko za a ɗora daga inda aka tsaya, kuma za su karɓe mu in babu katin?

Ina roƙon a sakaya sunana. Allah ya saka da alheri.

Wani magidanci,
Tudun Wada, Kaduna